Muhawara: Dalar gyaɗa, arziki ce ko kura da shan bugu?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'ar zaure. Wani tsohon hoto na gani na dalar gyaɗa a Kano, ga lebura can ƙololuwa da buhu a ka, ƙanƙane kamar tururuwa. Zan faɗi ra'ayina, wanda zai ji haushi ya ji. Duk zagin da muke wa Turawan mulkin mallaka, su suka buɗe wa Arewa ƙofar arziki. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Gyaɗar da ake fitarwa daga Najeriya ta tashi daga wajen tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Shekara ɗaya tal! Sun tafi sun bar mana dala, kowace an ce tana cin buhu 15,000. Yau ina take?

Malamar Tarihi: Wa alaikumus salam. Alƙalumanka daidai ne ɗan'uwa, hukuncin ne ban yarda da shi ba. Ƙofar da ka ce sun buɗe, a buɗe suka same ta. Baturen Jamus ɗin nan, Barth, wanda Kanawa suka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, shekara 52 kafin sojojin Gwamna Lugga su fasa ganuwa. Ya ƙiyasta tufafin da Kano take saƙawa ta rina ta sayar a shekara sun kai wuri miliyan 300, kuma ana kai su har Tumbuktu da Ghat da Tarabulus. Garin da yake sayar wa duniya riga ɗinkakkiya ya koma sayar da ɗanyar gyaɗa, a kai Liverpool da Marseille a matse, kai kuma ka kira wannan buɗe ƙofa?

Ɗan Fagge: Malama, nawa ne kayan raƙumi ɗaya, nawa ne kayan tarago ɗaya? Ayarin da zai yi watanni kafin ya ga Tarabulus, jirgi ya kai Ikko cikin kwanaki. Kuma kada a manta cikin kayan da ayarin ke ɗauka har da mutane. Ni kakata ta wajen uwa ba ta san garinsu ba, tana yarinya aka kamo ta. Kowa yana ɗokin zamanin da, saboda kowa ya ɗauka shi ɗan sarki zai zama.

Malamar Tarihi: Wannan kam ka faɗi gaskiya, ba zan yi musu ba. Hare-haren kama bayi sun tsaya. Amma dubi yadda aka yi. Dokar Lugga ta ce yaran da aka haifa bayan ƙarshen Maris 1901 'ya'ya ne ba bayi ba, iyayensu kuwa aka bar su hannun iyayen gijinsu, wanda ke son 'yanci ya fanshi kansa. Ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Shekara 35 ana lallaɓawa don kada gandayen manya su watse, haraji ya ragu.

Baban Halifa: Ku bari in sa baki, tunda ni na zauna da wanda ya noma gyaɗar. Kakanmu, Allah ya ji ƙansa, manomi ne a ƙasar Kano ta arewa. Bai taɓa ba mu labarin gyaɗa yana murmushi ba. Ya ce da kaka za su yi sammako da jakuna, mata sun kwana uku suna ɓara har yatsunsu sun yi kanta. In an isa wajen awo, akawu yana zaune bayan sikeli, kai ba ka iya karanta abin da ƙarfen ya nuna ba, abin da ya faɗa shi ke nan. Wani lokaci ya sa hannu cikin buhu ya ce akwai ƙasa, ya rage. Ka karɓi sulallanka ka ƙulle a bakin zani, kafin ka isa gida dagaci ya aiko, lokacin haraji ya yi. Ya ce kuɗin ko ɗumin jikinsa ba sa ɗauka. Na tambaye shi to me ya sa ba ku bar ta kun noma gero kawai ba? Ya dube ni kamar na yi wauta, ya ce Bature ba ya karɓar dame.

Malamar Tarihi: Allah ya ji ƙan tsoho, ya gama bayanin da nake ta kewaye-kewaye. Kafin zuwansu akwai haraji, kada wani ya ce na ɓoye: kuɗin ƙasa, kuɗin karofi, kuɗin shuka, jangali, ga zakka. Amma ana biya da wuri ko da hatsi ko da tufa. Kalmar kuɗi ma ai jam'in wuri ce. Su kuma suka hana shigo da wuri a 1904, sannu a hankali suka ce haraji sai da sule da kwabo. Ina talaka zai samu sule? Wajen kanti. Me kanti yake saye? Gyaɗa da auduga da fata. Ka ga an ɗaure akuya ba tare da igiya ba.

Tsohon Akawu: 'Yata Malama, a nan zan ɗan ja da ke. Kina magana kamar manomin nan rago ne aka ja shi. Abin da Turawa suka so a noma auduga ce, don masaƙun Lancashire a Ingila. Saboda ita aka matsa a yi layin Baro zuwa Kano, ƙungiyarsu ta auduga ta kafa injin gurza a Zariya tana jira. Me ya faru? Masaƙan gida suka riƙa sayen audugar da kuɗin da ya fi na Bature, manoma kuma suka lissafa suka ga gyaɗa ta fi riba, in ta ƙi sayuwa a ci, harawarta a ba dabba, ƙasa kuma ba ta gajiya da ita. Fataken goro irin su Alhassan Ɗantata suka shiga ƙauyuka da jarinsu da yaransu suna saye. Bature ya shirya wa auduga, Bahaushe ya kawo masa gyaɗa. Wannan wayon namu ne, kada a ba wa wani ladansa, kada kuma a mai da shi zalunci zalla.

Ɗan Fagge: Yauwa Baba! Ɗantatan nan a 1929, da aka buɗe banki a Kano, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. A ƙarƙashin mulkin wa ya tara?

Mai Shuni: Kai Ɗan Fagge, Ɗantata nawa aka yi? Kafin gyaɗa ma shi attajirin goro ne tsakanin Gwanja da Ikko. Baba Akawu ya yi gaskiya cewa saƙa ba ta mutu dare ɗaya ba. Mu gidanmu marina ne a Kura, har bayan 'yancin kai Buzaye suna zuwa sayen turkuɗi, in ka shigo unguwarmu da hantsi ba ka jin komai sai ƙarar bugu. Amma ciwo ne mai cin rai a hankali. Akoko da atamfar kanti suna shigowa ta jirgin nan da kuke yabo, tarago ya sauke yadi ya ɗauki gyaɗa. Shekara kusan 60 suna mulki, babbar masaƙar zamani ta farko a Arewa sai 1957 aka buɗe ta a Kaduna, suna haɗa kayansu. Ƙasar da ke da auduga da masaƙa da marina tun kaka da kakanni!

Ɗan Maraɗi: Ku dai 'yan Najeriya kuna da abin gardama. Mu Faransawa ko taku ɗaya na layin dogo ba su shimfiɗa muna ba har sunka tafi a 1960. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta wajenku take bi ta hau jirgi. Mu dalarmu ta kuɗi ce, tamma biyar. Abin da munka sani shi ne lanho, wato haraji, da aikin tilas, a ɗebi maza a kai gyaran hanya ko ɗaukar kayan kwamandan ba ko tamma, kuma ba a hana wannan ba sai 1946. A 1931 fara ta cinye hatsi a yammacin ƙasar, mutane na mutuwa, lanho bai tsaya ba. Garuruwa da dama na bakin iyaka, ku bincika, kakanninsu gudun lanho ya kai su wajenku.

Ɗan Fagge: To ka gani, har gudowa ake yi wajen Ingilishi. Ashe da dama-dama.

Ɗan Maraɗi: Wanda ya gudu daga bakin kura ya faɗa gidan kare, ba yabon kare ya zo yi ba, ɗan'uwa.

Jikan Leburan Kuza: Aikin tilas ba Nijar kaɗai ba. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa inda take samun kuza ana tsakiyar yaƙi, sai aka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi talakawa wajen 100,000 daga lardunan Arewa, kowane hakimi da adadin da zai kawo. Ɗiban gwamna ake ce masa. Kakana yana ciki. Mutumin da ya saba da zafin ƙasar Katsina aka kai shi sanyin tsaunin nan da 'yar taguwa ɗaya, yana ɗaukar ƙasa a kwano daga rami. Ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Gonarsa kuwa shekarar nan ciyawa ta ci. Wannan a wane shafi na lissafin arzikin za a rubuta shi?

Tsohon Akawu: Allah ya gafarta masa. Amma ɗana, wa ya rubuta sunansa? Ba Di'o ba ne ya san gidan kakanka. Mai unguwa ne, dagaci ne, hakimi ne. Harajin ma a farko rabi ne ke tafiya wa gwamnati a manyan masarautu, rabi ya zauna baitulmalin En'e, wato hukumar sarakuna, daga nan ake biyan sarki da hakimai da alƙalai da dogarai. Bulalar da ta sauka a bayan talaka, hannun ɗan'uwansa ne ya riƙe ta. Shi ya sa da jam'iyyar NEPU ta tashi a 1950 faɗanta da En'e ya fi faɗanta da Bature zafi. Kuma harajin nan da jangali mun ci gaba da karɓarsu da hannunmu bayan sun tafi, sai 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke.

Malamar Tarihi: Haka ne Baba, ranka ya daɗe, amma wa ya tsara hakan? Mulki da arha suke so. Lugga ba shi da ma'aikata ba shi da kuɗi, Arewa kullum cikin giɓi take, baitulmalin Ingila na cikawa. Haɗewar Arewa da Kudu a 1914 ma babban dalilinta ke nan, a ɗauki kuɗin kwastan na Kudu, wanda kaso mai yawa nasa daga barasa yake, a toshe ramin Arewa. Kuma a shekarar ce yunwar Kakalaba ta yi ɓarna a ƙasar Kano, daidai lokacin da jirgi ya fara jigilar gyaɗa ba dare ba rana. Fari ne ya kawo ta, ban ce Bature ya hana ruwa ba. Amma da can mai rumbu yakan ajiye na shekara biyu ko uku. Wanda dole ya fitar da sule kowace kaka, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, da me zai cika rumbun? Da farashi ya rushe a farkon shekarun 1930, gyaɗa ta faɗi ƙasa da rabin kuɗinta, haraji bai faɗi haka ba.

Ɗan Fagge: Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini hoton. Dala dai ga ta, ido ya gani.

Malamar Tarihi: To bari in amsa hoton. Dala ba taska ba ce, layin jira ne. Gyaɗar da ke ciki an riga an saye ta daga hannun manomi, ba tasa ba ce. Tana zaune ne don jirgi bai iya kwashewa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ƙarancin kawunan jirgi da taragu, ta bana ta tarar da ta bara, ƙwari suna ci. Tsawon dala yana nuna gazawar layin guda ɗaya da aka yi, wanda ya miƙe daga tasha zuwa bakin teku. Sannan daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke yanka farashi, tana biyan manomi ƙasa da abin da ake saye a kasuwar duniya, wai ana yi masa ajiya don ranar da kasuwa ta faɗi. Rarar da yawa a Landan aka ajiye ta.

Tsohon Akawu: Daga 1954 kuma hukumar ta koma hannun Jihar Arewa, rarar ta shiga ayyukan gwamnatin Sardauna. Makarantu da hanyoyi da masana'antun da muke taƙama da su, akwai gumin mai gyaɗa a ciki. Ni da na yi karatu kyauta, har sabulu ana ba mu, na san wanda ya biya. Ba Sarauniya ba ce.

Baban Halifa: Kakana ne ya biya, Baba. Shi kuwa ko ɗansa ɗaya bai shiga aji ba.

Hajiya Mai Ƙuli: Ina ta karatu ban ce komai ba. Duk kun yi maganar maza. Ɓarar nan da Baban Halifa ya ambata, mu ne. Suyar, mu ne, matsar mai a turmi, mu ne. Kakata da kuɗin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta yi wa 'ya'yanta mata huɗu kayan ɗaki, kuma sau biyu tana cika wa mijinta kuɗin haraji don kada a ɗaure shi a ƙofar dagaci cikin rana. Ba a ɗauki hotonta ba.

Ɗan Fagge: Hajiya a yi haƙuri, an yi laifi. Malama, na sauko daga kan dalar, amma ban sauka daga jirgin ba. Har yanzu ina cewa gara da aka yi layin. Kuma fari na 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 da kuɗin fetur da suka sa muka watsar da noma, waɗannan ba Lugga ba ne.

Mai Shuni: Wannan kuma wata muhawarar ce, ka buɗe ta gobe mu same ka.

Baban Halifa: Kafin a tashi, akwai anini uku da kwabo mai huda a cikin adakar tsohon, har yanzu suna wajen gwaggona a ƙulle cikin tsumma. In na je gida ranar Juma'a zan ɗauko hotonsu in turo, a ajiye kusa da na dalar.