Digirin digirgir a manɗiƙin lissafi ya tsaya mini, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Tun ina ajin farko a jami'a na kamu da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, ranar da na fahimci abin da Kurt Gödel ya tabbatar a 1931: duk tsarin ƙa'idojin da inji zai iya jero su kuma ya isa ya ɗauki lissafin ƙidaya, muddin ba ya cin karo da kansa, akwai maganar da ba zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba. Bincikena kan dabarar da Paul Cohen ya ƙirƙiro ne a 1963, wadda ta nuna ba a iya tabbatar da hasashen Cantor kan girman tarin lambobi marasa iyaka daga ƙa'idojin lissafi da aka saba. Yanzu malamina zai yi ritaya, ba wanda zai karɓe ni a sashen, ban wallafa komai ba. Kaina ya kulle.

Tsohon malami: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwashe kayanka ka koma kimiyyar kwamfuta. Ai aikin Alan Turing na 1936, wanda ya kafa tushen kimiyyar kwamfuta, ma manɗiƙi ne. Yau da manhajojin Lean da Coq (wadda yanzu ake kira Rocq) ake tantance hujjoji, can guraben aiki suke.

Wata 'yar uwa: A'a Malam. Julia Robinson ta shafe shekaru kan matsala ta goma cikin matsalolin lissafi da David Hilbert ya jero, a kan aikinta Matiyasevich ya ɗora ya kammala a 1970. Ka nemi mai duba aikinka daga wata jami'ar. Saura wata nawa malamin ya tafi?

Wani ɗalibi: Ku gwara ku. Ni wata mujalla ta riƙe mini maƙala, ƙarshe mai tantancewa ya ce sakamakon sananne ne, bai faɗi inda ya gan shi ba. Allah ya isa.

Tsohon malami: Hajiya, mutum nawa ne Robinson? Cohen kaɗai ya taɓa samun lambar Fields, babbar lambar yabo ta lissafi, kan manɗiƙi, a 1966. Fannin bai da kujeru.

Mai tambaya: Na gode Malam, amma ba lambar yabo nake nema ba. Kuma Lean ba zai amsa tambayata ba, duba hujja yake yi, ni kuwa hujjar ce ban samo ba tukuna.

Tsohon malami: To shawara ka zo nema ko goyon baya?

Wata 'yar uwa: Har yanzu ba ka faɗi yaushe zai tafi ba.

Wani ɗalibi: Wai akwai wanda ya san inda ake kai ƙarar mujalla?