Ƙanwata ce, mugun hali ne ko ciwo?

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema kan ƙanwata. Shekararta 27, aure biyu ya mutu, aikin koyarwa ma wata uku ta yi ta baro don shugabar makarantar ta mata gyara a gaban mutane. Yau ke ce komai nata, gobe kin zama maƙiyiya don kawai ba ki ɗaga waya ba, in ta ji kamar za a guje ta sai kuka sai zagi, har ta taɓa yanka hannunta da reza. Amma fa in kin zauna da ita ras take, tana girki tana lissafin sana'arta. Umma ta ce sammu, Baba ya ce sangarta, an yi ruƙiyya sau uku. Ni dai na rasa ta cewa.

Abban Sadiq:
Hajiya sannu da ƙoƙari. Ni nas ne a ɓangaren ƙwaƙwalwa, ba zan yanke hukunci daga nesa ba amma abin da kika zayyana ya yi kama da matsalar ɗabi'a da likitoci ke kira bodalain, mutane na rikita ta da baifola alhali ba ɗaya ba ne, mai baifola yakan yi kwanaki ko makonni cikin tsananin zumuɗi ko cikin tsananin baƙin ciki, ita kuwa wannan cikin awanni take juyawa kuma yawanci tsoron a rabu da mutum ne ke kunna ta. Shi ya sa aure da aiki da zumunci ke fara lalacewa tun kafin kowa ya ce ciwo ne, ai ba tsirara take yawo ba. Babban maganinta zama da likitan halayya ana koya mata riƙe kanta, ƙwayar magani taimako ce kawai. Yankan hannun nan kar ku ɗauke shi wasa ko neman suna. In Kano kuke akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, Kaduna akwai Barnawa, Sakkwato Kware.

Ummu Khairat:
A ci gaba da addu'a amma a je asibiti, ba sa karo da juna. Kuma don Allah a daina ce mata mahaukaciya a gida.

Baƙuwa:
Anti ni ina da bodalain ɗin nan, shekara 4 da aka gano. Abin da ya fi taimaka min yayata ba ta biye min in na tashi, kuma ba ta gudu. Takan ce min "ina nan, amma sai kin huce za mu yi magana." Yanzu shekara 2 ina aiki waje ɗaya, da can wata shida ban taɓa cikawa ba.

Maman Ilham:
Allah saka da alheri. A Kano muke. Matsalar Baba ce, yana jin Dawanau zai ce a'a saboda surutun dangi, bari in fara kai ta Malam Aminu Kano ranar Litinin. Baƙuwa don Allah zan miki magana ta gefe.