Boerboel zai zauna a ƙaramin gida a Kano?

Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Karen gadi nake nema, gidan ƙarami ne, tsakar gida siminti, ga yara. Na zaga wajen masu sayarwa, kowa nasa yake yabo. Sai na aro German Shepherd ɗin abokina don gwaji, tun kafin azahar yake zubewa gindin randa harshe waje yana haki, gashi kuwa ko'ina har kan shanya, da dare haushi ba ƙaƙƙautawa har maƙwabta suka fara magana. Yanzu ana ce min in ɗauki Boerboel tunda gashinsa gajere ne, amma babbansa yana haura kilo 60, abincinsa kaɗai ya isa ya sa ni tunani. Wanda ya taɓa riƙe shi, zai iya zama a gida irin nawa cikin zafin nan?