Wace Tawagar Besbol ce Ta Fi a Tarihin Jami'ar Arkansas: Ta 2018 ko Ta 2021?

Mai Lissafi: Jama'a, magana ɗaya ce: tawagar 2021 ta fi ta 2018, ko da ba ta je Omaha ba, garin da ake buga matakin ƙarshe na gasar ƙasa a watan Yuni. Ta ci wasa 50, an ci ta 13. A gasar SEC, wato rukunin jami'o'in da Arkansas ke ciki, ta ci 22 cikin 30, ta ɗauki kofin kaka da na gasar ƙarshen kaka, ta shiga gasar ƙasa a matsayi na ɗaya. Ta 2018 kuwa 18 ta ci cikin 30 a SEC.

Dattijo: Ƙanena, ba a auna tawaga da watan Afrilu. Ta 2018 mutum ɗaya ya rage ta fitar ta ɗaga kofin ƙasa. Ta ci Oregon State 4-1 a wasan farko na karawar kofi, inda wanda ya ci biyu cikin uku ke ɗauka. A na biyu tana gaba da 3-2, zagaye na tara, an fitar da biyu, mai gudu na tudu na uku. Cadyn Grenier na Oregon State ya buga ƙwallo ta tashi sama a wajen layin dama. 'Yan Arkansas uku suka nufe ta: Carson Shaddy daga tudu na biyu, Jared Gates daga na farko, Eric Cole daga bayan fili. Ta faɗi ƙasa a tsakaninsu, ba hannun da ya taɓa ta. Grenier ya farke, Trevor Larnach ya tsallakar da ita katanga, Oregon State ta ci 5-3.

Mai Lissafi: Baba, ai wannan hujjata ce. Washegari fa? Kevin Abel na Oregon State ya jefa zagaye tara cur, bugu biyu kacal suka samu a kansa, 5-0.

Gwanin Jifa: Ku bari in raba muku. Ƙwallon nan ta Cole ce a ƙa'ida. Mai shigowa daga baya yana fuskantar ƙwallo, shi ya kamata ya yi kira sauran su kauce. Shaddy da gudu ya zo yana waiwaye, ya wuce inda za ta sauka. Amma Malam Mai Lissafi, ta 2021 tana da rami babba: mai jifa ɗaya ta jingina a kansa. Kevin Kopps ɗan rufe wasa ne, 12-1, matsakaicin makin da ake ci a kansa 0.90. Da aka zo wasa na uku da Jami'ar NC State, wasan neman zuwa Omaha, koci Dave Van Horn bai da wanda ya amince ya fara sai shi. Jifa 118 ya yi. A zagaye na tara hannu ya gaji, Jose Torres na NC State ya tsallakar da ita katanga, 3-2.

Dattijo: Madalla. Ta 2018 kuwa tana da Blaine Knight, 14-0, ga Kacey Murphy da Isaiah Campbell a bayansa, ga Matt Cronin na rufewa. Haka ake gina tawagar watan Yuni.

Mai Lissafi: To tawagar da ta lallasa NC State 21-2 ranar farko, aka ci ta sau biyu da tazarar maki ɗaya-ɗaya, ita ce mai rauni? Wasa uku ba sa shafe wata huɗu.

Hajiya Mai Bibiya: Yayyena, kun manta 2025. Gage Wood ya hana Murray State bugu ko ɗaya a Omaha, ya fitar da 19 da jifa. Wehiwa Aloy ya ɗauki Golden Spikes, lambar gwarzon ɗan wasan shekara, kamar Kopps. Suna gaban Jami'ar LSU 5-3 a zagaye na tara, ƙwallo ta gangaro wa Aloy, maimakon ya jefa tudu na biyu a fitar da biyu a tashi wasa, ya jefa na uku. Sai Charles Davalan na Arkansas ya zame a hagun bayan fili, aka farke, Jared Jones na LSU ya ƙarasa, 6-5.

Gwanin Jifa: Gaskiya ne Hajiya, sai dai ko sun ci ranar, sai sun sake cin LSU kafin su kai wasan ƙarshe. Ba kusa ɗaya ba ce da ta 2018.

Dattijo: Idan kusa ake magana, a sa ta 1979 ta koci Norm DeBriyn a lissafi. Cal State Fullerton ta ci ta 2-1 a wasan kofi.

Mai Lissafi: Na yarda ta 2018 ta fi kusa, Baba. Amma a haɗa su wasa goma, Kopps na hutawa yadda ya saba, ban ga ta 2018 na cin biyar ba.