Canjaras ɗin Carlsen da Caruana a wasa na 12: tsoro ne?

Ɗan Birni: Jama'a, abin nan har yau yana ci min rai. Gasar kambun duniya ta chess (darar Turawa) a Landan, 2018, tsakanin Carlsen mai riƙe da kambun da Caruana mai ƙalubalantarsa, wasa na 12. Carlsen na riƙe da baƙaƙen 'ya'yan wasa, matsayinsa ya fi kyau, ya fi Caruana sauran lokaci a agogo, kawai a motsi na 31 ya nemi a tashi canjaras. Wasa 12, canjaras 12! Mu da muka kwana muna kallo an cuce mu. Tsoro ne kawai.

Malamin Lissafi: Tsoro? Ƙanina, iya bakinka. Dabara ce. Ya san in an tashi kunnen doki za a raba gardama ne da wasan gaggawa, inda ya fi ƙarfin Caruana, kuma bayan kwana biyu ya lallasa shi 3-0.

Ɗan Birni: Malam, wanda ya guje wa kokawa don ya san zai ci tsere, ai dai ya gudu.

Uwar Biyu: Makinsu na ƙwarewa a jadawalin duniya 2835 da 2832 ne fa a lokacin. Wa zai yi kasada da kambunsa a gaban sa'ansa? Taka-tsantsan daban, tsoro daban.

Mai Shayi: Hajiya, har Kasparov, tsohon zakaran duniya, sai da ya soki tayin nan, ya nuna shakku kan ko Carlsen zai kai labari a wasan gaggawa.

Malamin Lissafi: To, ya kai ko bai kai ba?

Bature: Ku dai kuna kare shi ne don ɗan Madrid ne irinku. Har Bernabeu suka gayyace shi ya buga ƙwallon buɗe wasa.

Uwar Biyu: Ga 'yan Barca sun iso. Me ya kawo ƙwallo nan?

Bature: Kuma a wasa na 6 kwamfuta ta nuna Caruana na da hanyar ci. Ɗan Italiya ya kusa gamawa da shi.

Mai Shayi: Wane ɗan Italiya? A Miami aka haife shi, tun 2015 ya koma wakiltar Amurka.

Bature: Shekara goma yana yi wa Italiya wasa, Amurka ta zo ta ɗauke.

Mai Shayi: Kai ma da aka yi maka tayin aiki a Abuja ba ka zauna ba.

Bature: Wannan kuma cin fuska ne, Yaya.

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta: kusan kowa ya yarda Carlsen gwani ne, dabararsa ta yi aiki, masu cewa tsoro haushin Madrid ne ke damunsu. An rufe.

Ɗan Birni: Admin, ni ko ƙwallo ba na kallo. Kuma wa ya yarda?