Furlough da Hausa: dakatarwa, hutun dole ko jingine ma'aikaci?

Mai fassara, Gaya: Salamu alaikum. Ina neman kalmar da za ta ɗauki abin da Turawa ke kira furlough: a ce wa ma'aikaci ya zauna a gida na wani lokaci don babu aiki ko babu kuɗin biyansa, bai yi laifin komai ba, sunansa na nan cikin rajista, kuma za a kira shi. Aro ba zai yiwu ba. In ka Hausantar da ita "falo" za ta fito, a zaci ɗakin baƙi kake nufi.

Malamin firamare, Ringim: Wa alaikumus salam. Ai dakatarwa ce, Malam.

Tsohon akawun ma'aikata, Birnin Kudu: A'a, ɗana, dakatarwa warin laifi take yi. A aikin gwamnati ana dakatar da wanda ake tuhuma ne: ko a riƙa ba shi rabin albashi har a gama bincike, ko a tsayar da albashin ɗungurungum. Ka rubuta wa lebura "an dakatar da kai" saboda injin ya tsaya, kafin la'asar an ce a majalisa buhu ya sata. Sallama kuma ta yanke igiya. Wannan rage ma'aikata ke nan, sashe na 20 na Dokar Ƙwadago, inda ƙa'ida ita ce wanda ya zo ƙarshe shi ake fara sallama.

Malamar Hausa, Kura: Baba, hutun dole fa? Kunne ya saba da shi.

Tsohon akawun ma'aikata: Ya kusa, Malama, sai dai mai hutu albashinsa na tafiya. Nan kuwa ya danganta da ƙasa. A Birtaniya, daga Maris 2020 zuwa ƙarshen Satumba 2021, gwamnati ta fara da biyan kashi 80 cikin 100 na albashin waɗanda korona ta zaunar, iyaka fam 2,500 a wata. A Amurka, da aikin gwamnatin tarayya ya tsaya kwana 35 daga Disamba 2018, ba a ba ma'aikatan da aka zaunar ko sisi ba sai da aka buɗe aka biya su bashin. Kuma 'yan jarida sun riga sun ba hutun dole ga babban jami'in da ake son ya kauce a bincike ofishinsa.

Manajan injin casar shinkafa, Hadeja: Ku duba jingina. Wanda ya jinginar da gona bai sayar ba, gonar tasa ce, ranar da ya kawo kuɗi ta dawo. A rediyo ma ana cewa ƙungiya ta "jingine yajin aiki", kowa ya gane ba a janye ba. To in shanshera ta yanke kafin a yanki ta rani, masu injin su ce "mun jingine mutum goma na wata biyu".

Amma kowace kalma aka ɗauka, takardar ta faɗi ranar farawa, ranar dawowa, nawa za a biya, ko shekarun aiki na ci gaba da ƙirguwa, da ko an yarda mutum ya yi ƙwadago a wani wuri. Galibi ranar dawowa ake bari a buɗe, mutum ya ƙi kama aikin noman rani yana jiran kira, ya yi biyu babu. Kuɗin fansho ma, kashi 8 cikin 100 nasa da 10 na kamfani, daga albashi ake lissafa su, in babu albashi asusun ya tsaya cak.

Malamar Hausa: Na karɓi aikatau ɗin, Alhaji: an jingine shi, za a jingine su. Sunan ne ke da tarko. "Jinginar ma'aikaci" kamar an ba da mutum a bakin bashi ne. A ce "jingine ma'aikata", ko "hutun jingine aiki" a kanun labari.

Mai fassara: Na rubuta haka. Na soja da ake ba izinin zuwa ganin gida kuwa, da ma asalin kalmar ke nan, shi zan bar masa "hutun ganin gida".