Na'urar zane da biro: da'ira na fitowa kamar ƙwai, layuka na gocewa

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum malamai. Na haɗa na'urar da ke riƙe biro tana zane daga kwamfuta: ƙaramin allon sarrafawa Arduino Uno, allon CNC Shield da ake ɗora masa, manhajar GRBL mai juya motoci, motoci NEMA 17 biyu masu tafiya taku-taku, bel mai haƙora GT2, da ƙaramar mota SG90 mai ɗaga biro. Nufina in riƙa fitar da dagi da aska takwas a takarda don masu ɗinki. Matsala uku gare ni. Da'irar milimita 100 tana fitowa faɗi 100, tsawo 80. Idan aiki ya yi nisa, zanen ya goce gefe guda. Biro kuma yana tsallake wuri. Ina zan fara dubawa?

Mai Gyaran Firinta:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ta farko lissafi ce kawai. NEMA 17 tana taku 200 a zagaye ɗaya. In ka sa jampa uku (ƴan maƙalai masu haɗa fil biyu) ƙarƙashin A4988, wato direban da ke ba mota wuta, kowane taku ya rabu 16, ya zama 3200. Tsakanin haƙori da haƙori na GT2 milimita 2 ne, don haka fuli (ƙaramin gargaren da ke jan bel) mai haƙora 20 yana jan milimita 40 a zagaye. Raba 3200 da 40, ka samu 80, shi ake sa wa $100 da $101, saitin GRBL na yawan taku a kowace milimita ta X (faɗi) da Y (tsawo). To amma fuli mai haƙora 16 milimita 32 kawai yake ja, shi 100 yake so. Tsawo 80 da kake samu ya yi daidai da wannan, don haka ƙirga haƙoran fulin Y. In 16 ne, rubuta $101=100.

Bayan nan zana murabba'i 100 da 100, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu. Kowane ya ba ka 141,4. In sun bambanta, ƙarafan X da Y ba su miƙe da juna ba, kuma babu lambar da za ta gyara wannan sai ka kwance ka ɗaure. Duba ƙaramin sukurun da ke riƙe fuli ma, ya zauna a kan wurin da aka fere a sandar mota.

Malam Na Ali Ɗan Sofo:
Gocewar nan taku ne motar ke ɓatarwa, kuma GRBL ba ya sanin ta ɓatar, ci gaba kawai yake yi. Tunda sai aiki ya yi nisa, zafi nake zargi. A4988 yana yanke kansa in ya yi zafi sosai, kuma a Maradi cikin Afrilu da Mayu ɗaki kansa ya haura digiri 40 kafin ka kunna komai. Auna Vref, wato wutar da ke ƙayyade amfiyar da mota ke samu, da mita a kan ɗan sukurun direban. In resistonsa R100 ne, 0,8V na ba da amfiya 1. Jan biro ba ya bukatar haka, 0,5 zuwa 0,6V ta isa. Manna masa ƙarfen sanyaya, ka sa ƙaramar fanka 12V tana hura shi. Rage $120 da $121, saitin ƙarfin tashin X da Y, zuwa wajen 200 in sun haura haka, saboda tashi da ƙarfi ke sa mota tsallake a kwana.

Kada ka taɓa cire wayar mota alhali akwai wuta, nan take direban ke ƙonewa. In kuma kuran na yawan ɗaukewa a wurinka, ba allon wuta daga batirin sola 12V, ka sa makunnan iyaka a ƙarshen X da Y ka kunna $22=1 don na'urar ta san inda za ta koma. Ƙurar hunturu: goge ƙarafan da tsumma, ɗigon man keken ɗinki ya wadatar, giris tara ƙasa yake yi.

Malamar Zane:
Ɗan'uwa, biro sai an danna shi yake zuba. Kada ka ɗaure shi kam. Bar mariƙin yana zamewa sama da ƙasa, ka ɗora masa nauyi kamar giram 50 zuwa 100, SG90 aikinsa ɗagawa kawai. Sa takardu biyu ko uku a ƙarƙashi, ka manne gefuna da salatif. Alƙalami mai bakin soso kamar Micron ba ya son nauyi, kuma iskar hunturu na busar da bakinsa in ya daɗe a sama. Maganin wannan shi ne ka bi da fayil ɗin zanen (SVG) ta manhajar vpype, da umarnin linemerge mai haɗa layuka da linesort mai jera su, tafiyar banza a iska ta ragu.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne zanen kansa. Na'urar nan layi kawai ta sani, ba ta san cika launi ba. Inda kake son duhu, jera layuka kusa da juna, tazarar rabin milimita. Dagi kuwa ya fi kyau a rubuta shi da lamba a manhajar zane da lissafi kamar Processing ko p5.js maimakon kwafe hoto. Gwada x = sin(3t), y = sin(2t), za ka ga saƙa mai kama da shi; inda igiya ke bi ta ƙasa, yanke layin kaɗan kafin mahaɗa. Tun 1965 masanin lissafi Georg Nees ya baje zanen kwamfuta a Stuttgart ta Jamus, mai zane Vera Molnár kuma ta fara aiki da kwamfuta a 1968 a Faransa, tana jera murabba'ai sannan ta karkata kaɗan daga ciki da gangan. Yi haka da askarka: kowace ta kauce da digiri ɗaya ko biyu. Ajiye lambar randomSeed, wadda kwamfuta ke zaɓen kaucewar da ita, in ba haka ba wanda ya yi kyau ba zai sake fitowa ba.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Fulin Y haƙora 16 ne, na sa 100, da'ira ta zauna. Gobe in sha Allah zan auna Vref.